Jiƙaƙƙun Buhuna da Tafki na Tara

Litinin, 3 ga Maris

Shekara ashirin da wani abu ke nan da na fara jin wai mu ne ke yawo da ciyawar nan. Wani tsohon masunci ne ya faɗa mini a bakin Tafki na Uku, yana ɗinkin koma, ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Ma'aikaci, duk ruwan da kuka je aunawa bana, baɗi sai ta bi ku ta ga abin da kuka auna." Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, Baba, ai likita ma kullum a gidan mara lafiya ake ganinsa, shi ya kai cutar? Ya ce shi dai bai yi boko ba.

Bayan nan na sake jin zancen a bakin mutum biyu ko uku, kowanne da gishirinsa. Wani ma cewa ya yi da gangan muke dasa ta don kada aikinmu ya ƙare. Ni da na tashi a gaban kaka mai tatsuniya, na san yadda magana ke yin ƙiba a hanya. Ban taɓa ba ta wurin zama ba.

Abin da ya tuno mini: yau aka buɗe taron ƙara wa juna sani, mu 'yan cibiya, da 'yan jami'a, da mutanen ma'aikatar ruwa. Wai daga yanzu aiki tare. Da yake na fi kowa furfura, Darakta ya ce in tashi in gabatar da baƙuwar. Na ce to, masunta suna kiranta Shimfiɗa. Ba 'yar ƙasa ba ce, ba a san wanda ya shigo da ita ba. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, gaɓa ɗaya mai tsawon yatsa in ta samu laima ta isa ta zama gona. Tafkuna tara muke kula da su, ta rufe takwas. Kifi ya ƙaura, injinan ban-ruwa sun toshe, sauro ya samu gari. Shekara talatin da ɗaya ina auna ta, ba ta taɓa raguwa don jin kunyata ba. Aka yi dariya, aka tafa.

Wata huɗu ya rage in ajiye aiki.

Talata, 4 ga Maris

'Yan jami'a a dama, 'yan ma'aikata a hagu, mu a tsakiya kamar masu rabon faɗa. Farfesa, babban 'yan jami'a, ya kwashe awa guda yana bayanin amfanin kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa abin da ya tara. Da aka ce to bismilla, ya fara da nasa, sai ya ce suna cikin wata na'ura da ta lalace. Shekara goma sha biyar ina jin labarin na'urar nan. Allah ya ba ta lafiya.

Mai jan ragamar abin wata yarinya ce da aka turo mana, sa'ar autata, Dakta ake ce mata. Ba ta da hayaniya. Ta ce abu biyu kawai take nema a wurin kowa: ina ka ga ciyawar, kuma yaushe. A zuba duka a taswira ɗaya. Dabara mai sauƙi haka, shekara talatin ba ta zo wa kowa ba. Ko kuma ta zo, an ce mata maigidan ba ya nan.

Alhamis, 6 ga Maris

An ba ni allon latsawa mai faɗin inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Ya ƙi jin yatsana. Direba ya ce, "Baba, ruwa ya cinye maka zanen yatsa, shi kuma ba ya amsa sallamar baƙo."

Litinin, 10 ga Maris

Dakta ta shigo ɗakin samfur da hantsi, ina canza wa ganyaye takarda. Ta gaishe ni har ƙasa, abin da ba kasafai masu digiri uku ke yi ba. Ta tsaya gaban kabad ɗin ƙarfe. Na buɗe mata. Littattafaina na daji, kowace shekara ɗaya, bango baƙi, lamba a ƙeya da farin fenti. Ta zaro na bakwai, ta buɗe, tana bin shafukan da yatsa. Da fensir nake rubutu saboda ruwa ba ya wanke shi. Rana, ƙarfe nawa, inda muka sauke kwale-kwale, zurfin ruwa, abin da na gani, abin da ban gani ba. Ta ce, "Baba, ka san abin da kake zaune a kai kuwa? Duk ƙasar nan babu mai irin wannan."

Tsoho ma yana son yabo, kada a yaudari kai. Na ji har a ƙashin bayana.

Na ba ta talatin. Na talatin da ɗaya na ce yana gida, bai cika ba.

Da yamma Darakta ya kira ni. Wai ranar sallamata za a sa wa ɗakin samfur sunana, da allo a kan ƙofa. Na ce ai ba sai an yi ba. Na fito na tsaya ina duba inda allon zai fi dacewa.

Alhamis, 13 ga Maris

Kwana uku muna zaune ni da ita da Direba, muna mayar da rubutuna ɗigo a taswira. Matsalar ita ce ni da alama nake rubuta wuri. "Gindin itacen da aradu ta tsaga." "Daura da bukkar mai kare uku." Itacen ya daɗe da zama gawayi, mai kare uku kuwa Allah ya jiƙansa, karnukan ma sun bi shi. Sai ta buɗe hoton tafkin daga sama, ni in rufe ido in tuno, Direba ya ce a'a, gaba kaɗan, nan ne muka taɓa kafewa har ka yi asarar takalmi. Ta sa ɗigo.

Rabon da in ji daɗin aiki haka har na manta. Ashe akwai mai son jin abin da na sani. Ta koya mini yadda ake ɗaukar lambar wuri, ni kuma na koya mata gane Shimfiɗa tun tana ganye biyu, kafin ta bambanta da 'yan gida. Ta ce wannan babu shi a littafi. Na ce ai littafin ne zaune a gabanki yana tari.

Kuma abin mamaki, na'urar Farfesa ta warke. Ban san me yarinyar nan ta faɗa masa ba.

Laraba, 19 ga Maris

Tafki na Biyar, ni da Dakta da Direba.

Na san wurin nan lokacin da in ka jefa kwabo kana ganinsa har ya kwanta. Yau kore shar daga gaɓa zuwa gaɓa, har awaki na gwada taka shi. Kwale-kwalen masunta a kife a tudu, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Wata mata ta tare mu da tulu a ka, ta ce, "Masu aunawa, an zo? To bana nawa ta kai?" Ba ta jira amsa ba.

Namu kwale-kwalen na katako ne, ya girmi Dakta. Shi katako in ya sha rana a bayan mota sai ya tsattsage, ka sa shi a ruwa ya riƙa sha kamar raƙumi. Maigidana na farko, wanda ya ɗauke ni aiki, shi ya koya mini maganin abin: kafin a ɗora shi a mota, a tsoma buhunan algarara a bakin ruwa, a shimfiɗa su a cikinsa jiƙe. In an isa tafki na gaba, a ɗauraye buhunan a can, a sauke jirgi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa yoyo ba. Ina alfahari da wannan, na ma faɗa mata haka ina matse buhu.

Ta ce, "Kullum haka ake yi, Baba?" Na ce kullum, ko sau ɗaya ban taɓa fashi ba.

Ta sunkuya ta tsinci wani abu a jikin buhun, ta jefa a kwalba, ta zuba ruwa. Har muka dawo idonta na kan kwalbar. Na ɗauka rana ce ta buge ta.

Laraba, 26 ga Maris

Ta kira ni ofishinta, ta tashi ta rufe ƙofa da kanta.

Taswira ce a allo, tafkunan tara. Ta ce jan ɗigo shi ne ranar da aka fara ganin ciyawar, daga bayanan kowa: namu, na jami'a, na ma'aikata. Ta danna, shekaru suka fara tafiya. Ja ya fito a na Ɗaya, sai na Uku, sai na Biyu, sai ya tsallaka can na Shida. Na ce ai shi ne abin da ya gagare mu, ba ta bin kogi, ba ta bin iska, kamar mai aljanu.

Ta ce, "Saura shuɗi." Shuɗi shi ne ranar da kwale-kwalen cibiya ya fara sauka a tafki. Daga littattafaina ta ciro.

Shuɗi, sai ja. Shuɗi, sai ja. Tsakaninsu damina ɗaya, wani wuri biyu. Kuma jan ba ko'ina yake fara fitowa ba, sai daidai inda muka sauke jirgi. Gindin itacen da aradu ta tsaga. Daura da bukkar mai kare uku.

Ni kaɗai da littafina ba zan taɓa gani ba, don ni ranar zuwana nake rubutawa. 'Yan jami'a su kaɗai ba za su gani ba, don ba su san ranar zuwana ba. Sai da aka haɗa. To ga haɗin gwiwa, an samu.

Ta ce, "Baba, ban nuna wa kowa ba tukuna." Na ce mata na gode, 'yata. Ban san me na gode wa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je mata da hujjoji, na kwana ina wasa su. Tsuntsaye fa? Ta ce mai yiwuwa ne. Komar masunta fa? Ta ce lallai akwai nasu a ciki. Ambaliya? Ta ce har da ita. Duk ta yarda, da ladabi, har na fara jin iska. Sai ta ce, "Na Bakwai fa, Baba?"

Na Bakwai a kan tudu yake, babu kogin da ke shigarsa, da waya aka kewaye shi don ruwan sha ne, an hana su. Mu kaɗai ke da takardar shiga.

Kwalbar nan tana kan tagarta. Abin da ta tsinta a buhu ya yi saiwa, fari tas, har da sabon ganye biyu. Ni na koya mata gane shi.

Asabar, 29 ga Maris

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kaka ta sha faɗa, ina tsammani da wasu take.

Litinin, 31 ga Maris

Babban zama. Dakta ta yi bayanin "kayan aikin da ake yawo da su daga ruwa zuwa ruwa", ba ta kama suna ba, ba ta nuna shuɗi ba. Kowa ya gyaɗa kai yana tunanin masunta. Aka zartar: daga yau duk jirgi da koma da takalmi sai an wanke an shanya kafin su canza tafki.

Sai aka zo kan na Tara. Darakta ya ce shi ne ɗan lelenmu, shi kaɗai ya rage, kuma Allah ne ya tsare shi, don tun shekarar da aka gina shi gadar hanyarsa ta karye, shekara goma sha biyu ke nan babu ma'aikacin da ya taɓa taka can. Shawara: kada kowa ya je sai bayan damina, in sababbin kayan aiki sun iso. A bar shi da tsarkinsa. Aka tafa. Har da ni.

Bari in rubuta a nan tunda babu mai karantawa.

Na je. Bara, cikin Satumba. Direba ya ji labari an yi kwaskwarima a mashigi, ni kuma na ce kafin in ajiye aiki sai na cike tara, kada a ce akwai ruwan da tsoho bai auna ba. Ba mu sanar da kowa ba. Daga na Biyar muka wuce kai tsaye. Na ɗauraye buhuna huɗu a gindin wani dutse mai kama da turmi, ruwa garau har ina ganin ƙafata. Na rubuta komai, har da ƙarfe nawa. Littafi na talatin da ɗaya, shafi na sittin da biyu. Ba a gida yake ba. Yana cikin jakata, tun ranar da ta tambaya nake yawo da shi. A lokacin tsoron faɗan Darakta kawai nake, don mun fita ba izini.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na samu Direba yana wanke mota. Shi ya fara magana. "Baba, ni direba ne, gaba nake kallo. Ban san abin da ke bayan mota ba." Na ce haka ne. Ya ce, "Kuma wata uku ne fa. Ka karɓi allonka ka tafi ka huta, wanda ya zo daga baya ya ji da ita." Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Yana da 'ya'ya shida. Ban ga laifinsa ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Abin haushi, na fi kowa sanin lissafinta. In ta kama a Satumba, rani ya riƙe ta a bakin gaɓa, yanzu ba ta wuce a cire da hannu ba, in an yi sa'a. Ruwan farko na sauka tafki zai ɗago, ta kakkarye, iska ta raba gaɓoɓin ko'ina. Bayan damina sai dai a je a yi mata barka da zuwa.

Wataƙila kuma ba ta kama ba. Ba kowane iri ke tsira ba. Sau takwas dai ta kama, amma ai ba a rantse ba.

In na yi shiru kuma ta fito baɗi, za a ce tsuntsaye ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Uwar yara ta ce kwana nawa ke nan ina juya cokali a kwano kamar mai neman abin da ya ɓace. Na ce ciki ne. Ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe wa cikin." Ta ɗauke kwanon.

Talata, 15 ga Afrilu

An kawo allon a duba ko an rubuta sunan daidai. Daidai ne. Ruwan tagulla, haruffa baƙaƙe, ƙasa an sa "Shekara talatin da ɗaya yana tsaron ruwanmu." Darakta ya ce ya na gani? Na ce ya yi nauyi, a samu ƙusa mai ƙarfi.

Babbar 'yata ta bugo, wai za su zo da yaran duka ranar, har ta yi musu ɗinki.

Dakta ta wuce ni a baranda, ta gaishe ni kamar kullum. Ba ta sake tambayar littafin ba. Da ta tambaya da na ji daɗin yi mata ƙarya. Wannan shirun nata ya fi duka ciwo.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, ya yi ta gurnani, ya watse. Mutane na cewa Allah ya kawo. Ni kaɗai a garin nan nake roƙon ya dakata.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ina kwashe tarkacen jakata ne, na ga littafin yana cin wuri. Ofishinta a buɗe, ba ta ciki. Na ajiye a kan tebur. Fensir ya faɗa tsakanin shafi na sittin da biyu da na sittin da uku, ban cire ba.

Ba a yi rabin awa ba ta zo ɗakin samfur da shi a hannu. Ta tsaya a ƙofa. Na ci gaba da jera kwalabe. Ta ce, "Dutsen mai kama da turmi, za ka gane shi?" Na ce ko a makance. Ta ce jibi da sassafe. Ta juya, ta dawo, ta ce, "Baba." Na ce je ki, 'yata, aiki na jiranki.

Laraba, 23 ga Afrilu

Mota ɗaya: ni, Dakta, Farfesa, mutum biyu daga ma'aikata. Tun da nake ban taɓa ganin ɓangarorin nan uku a mota ɗaya ba. Ba mu ɗauki jirgi ba. Takalma ma sai da aka tafasa ruwa aka zuba musu. Awa huɗu, Direba na ta faɗa da ramukan hanya.

Daga nesa na Tara yana nan yadda na bar shi, shuɗi, yana ƙyalli, kwale-kwale kusan ashirin a kai, farare-fararen tsuntsaye. Zuciyata ta ce ka gani, ba ta kama ba. Na yi ta hamdala har muka sauka.

Tana gindin dutsen.

Na ƙirga da ƙafa: taku ɗari da goma ta dama, taku saba'in ta hagu, ta shiga ruwa kamar tsawon mutum uku. Kore, lafiyayya, har da 'yan fararen furanni. Wata tsohuwa mai wanki ta ce ai sun ji daɗinta, awaki na so, har maƙwabta na zuwa yanka suna kaiwa can ƙetare. Dakta ta rufe ido da ta ji haka.

Farfesa, wanda ban taɓa ganin ƙaurinsa ba, ya naɗe wando ya shiga. Muka bi shi. Ka ja ta, ta tsinke a hannunka, gutsuren ya yi gaba yana lilo a kan ruwa. 'Yan ma'aikata suka aro gidan sauro suka tare ta baya. Masunta suka taru suna kallo, daga baya wasu suka shigo. Ɗaya ya tambaye ni, "Baba, daga ina wannan abin ya zo mana?" Na buɗe baki. Farfesa ya riga ni, ya ce ana bincike.

Buhu sittin da ɗaya muka cika, muka kai tudu muka ƙone. Da muka waiwaya gaɓar kamar an yi mata aski da wuƙa mara kaifi. A hanyar dawowa aka fara yayyafi, kafin mu kai mashigi ruwa ya tsuge.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Bayana. Gwiwoyina. An ce can na Tara ma an kwana ana ruwa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Darakta ya kira mu ni da Dakta. Ya ce shi ba ya son tonon silili, sunan cibiya ake dubawa, a rubuta "hanyoyi daban-daban" a wuce wurin. Allo kuma yana nan, ba a fasa ba. Dakta ta ce in ba a faɗi buhunan ba, akwai cibiyoyi nawa a wasu wurare masu jirgin katako da tsoho mai dabara? Ya ce in ce wani abu. Na ce ranka ya daɗe, ni ma'auni ne, abin da na gani nake rubutawa.

Da muka fito ta ce za ta rubuta rahoton da taswirar duka, ja da shuɗi, kuma sunana ne zai zo farko a masu rubutawa, don ba don littattafaina ba da har yanzu ana zargin tsuntsaye. Na ce wato ɓarawo ne zai sa hannu a takardar kama shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wanda bai rubuta ba ba a kama shi, Baba. Shi ya sa babu mai rubutawa."

Na tambaye ta gaskiya, na Tara zai tsira? Ta ce in an koma duk sati biyu, shekara uku, kowa da kowa, wataƙila a riƙe rabinsa. Na san wannan wataƙilar. Na sha faɗa wa mutane ita.

Asabar, 3 ga Mayu

Jiya na ƙone buhunan a bayan gareji. Sun tsufa ne, ba wani abu ba. Jirgin na kife shi a rana, in zai tsage ya tsage. An sa sunana a jerin masu komawa na Tara ran Laraba, har bayan Yuni ma na ga an sa, ban san wa ya ce musu ina da lokaci ba. Allon latsawa ya fara jin yatsana in na jiƙa shi da yawu. Na buga wa babbar 'yata waya na ce su zo dai, amma kada su sa rai da dogon jawabi.

Yau da safe na zauna a tsakar gida na gaya wa uwar yara komai, tun daga buhu har zuwa dutse. Na yi tsammanin salati. Tana tsince shinkafa, ba ta tsaya ba. Da na gama ta ajiye tiren ta ce in biyo ta.

Bayan ɗaki, wurin famfo, inda take wanke mini takalman daji tun muna da ɗa ɗaya. Ni rabona da zagayawa nan har na manta. Ta tsuguna bakin kwata, ta sa hannu ta zaro wani abu. Ganye biyu.

Ta ce shekara ashirin ke nan duk sati tana cire ta tana sawa a murhu. Duk ranar da na dawo daga ruwa, bayan kwana goma sai ta fito. Na ce shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba? Ta ce, "Na faɗa, Malam. Sau biyu. Ka ce in bar wa masu ilimin abin. Ni kuwa na ga kai ne ke kawo ta, na ce to, kai ka kawo, ni in cire."

Ta miƙo mini, na karɓa. Na ma rasa inda zan sa ta.

Wannan magana mutane da yawa sun faɗa mini ita, masu boko da marasa boko. In an tambaya wa ya faɗa mini daga ƙarshe, uwar yarana ce, tana tsugune a bakin kwata, hannunta duk laka.